Polonez: Yadda kiɗan wani fim ya zama taken rawar bankwana da makaranta a Poland

A kowace shekara, tsakanin watan Janairu da Fabrairu, lokacin da sanyi ke kan ganiyarsa a Poland, ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun sakandare kan yi wata babbar liyafa da ake kira studniówka. Sunan ya samo asali ne daga kalmomin "kwana ɗari", domin ana yin ta ne saura kimanin kwana ɗari a fara jarrabawar kammala sakandare, wadda suke kira matura, a watan Mayu.

Da rawa ɗaya ake buɗe wannan liyafa a duk faɗin ƙasar. Samari cikin kwat, 'yan mata cikin dogayen riguna, su jeru bibbiyu riƙe da hannun juna, iyaye na gefe suna ɗauka da wayoyinsu. A makarantu da dama shugaban makaranta ko wani malami ne ke kan gaba. Da zarar kiɗa ya tashi, sai jerin ya fara tafiya cikin natsuwa da ƙasaita. Wannan ita ce rawar polonez.

Rawar ta shekara ɗaruruwa. Amma kiɗan da aka fi saka mata a yau bai tsufa ba, duk da cewa baƙon da ya ji shi zai iya rantsewa cewa na zamanin sarakuna ne. Wani mai tsara kiɗa mai suna Wojciech Kilar ne ya rubuta shi domin wani fim da ya fito a 1999.

Rawar da ta fi kama da jerin gwano

Polonez na ɗaya daga cikin raye-raye biyar da Poland ke ɗauka a matsayin na ƙasa. Sauran su ne mazur da krakowiak da kujawiak da oberek. Ita ce mafi sauƙi a cikinsu, domin babu tsalle ko juyi mai wuya. Kiɗanta na tafiya ne a kan ƙirga uku-uku, kuma a duk taku na uku mai rawa kan ɗan rusuna da gwiwa ɗaya kafin ya miƙa ɗaya ƙafar gaba.

Duk hikimar tana hannun mutum biyun da ke gaba, domin su ke zaɓar hanya, saura su bi. Jerin kan rabu gida biyu, ya zagaya zauren, ya sake haɗuwa a zama hurhuɗu, sannan takwas-takwas. Wani lokaci masu rawa kan ɗaga hannuwansu a haɗe su yi kamar ƙofa, na baya su sunkuya su wuce ta ƙarƙashi.

Masana sun danganta asalinta da wata rawar ƙauye ta bukukuwan aure da ake kira chodzony, wato "ta tafiya". Daga nan masu sarauta suka ɗauke ta suka kai gidajensu, inda ta zama rawar buɗe taro. A wancan zamanin, matsayin mutum a cikin jerin shi ne matsayinsa a cikin al'umma. Mai gida ne ke fara fita da macen da ta fi kowa daraja a wurin, sauran su biyo baya daidai da girmansu, mazan cikin dogayen riguna da ɗamara da takobi a kugu.

A ƙarni na 18 rawar ta bazu zuwa fadojin Turai, inda aka san ta da sunan Faransanci, polonaise, ma'ana "ta mutanen Poland". Manyan masu tsara kiɗa irin su Bach da Mozart da Beethoven duk sun rubuta kiɗa a kan salonta.

Lokacin da ƙasar ta ɓace daga taswira

A daidai lokacin da rawar ke tashe a ƙasashen waje, ƙasar da ta haife ta na mutuwa. A shekarun 1772 da 1793 da 1795, Rasha da Austriya da daular Prussia ta Jamusawa suka yi watanda da Poland har babu abin da ya rage. Ta yi shekara 123 babu ita a taswirar duniya, sai a 1918 ta dawo.

A cikin waɗannan shekaru ne ma'anar polonez ta sauya. Wani basarake kuma jami'in diflomasiyya, Michał Kleofas Ogiński, ya tsara wani polonez mai ban tausayi da aka sani da suna "Bankwana da Ƙasar Haihuwa", wanda ake dangantawa da murƙushe boren Kościuszko na 1794. Kiɗan rawar ƙasaita ya koma kiɗan juyayi.

Sai kuma Fryderyk Chopin, wanda aka haifa a 1810. Kiɗansa na farko da aka buga polonez ne, a 1817, yana ɗan shekara bakwai. Ya bar Warsaw a watan Nuwamban 1830, 'yan makonni kafin ɓarkewar wani bore kan mulkin Rasha, kuma bai sake komawa ba har ya mutu a Paris a 1849. Polonez ɗin da ya rubuta a gudun hijira na sauraro ne a kan piyano, masu ƙarfi da amo kamar tafiyar runduna, kuma 'yan ƙasarsa sun riƙa jin su a matsayin shaidar cewa al'ummar na nan da ranta.

Wannan ma'ana ta kai har Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Satumban 1939, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Warsaw ƙawanya, gidan rediyon ƙasar ya riƙa maimaita farkon wani polonez na Chopin da ake wa laƙabi da "na soja", domin duniya ta san cewa birnin bai faɗi ba tukuna.

Rawar asuba a wani otal

Bayan yaƙin, Poland ta shiga ƙarƙashin mulkin gurguzu mai biyayya ga Tarayyar Sobiyet, kuma duk wani fim sai ya bi ta hannun masu tace bayanai na gwamnati. Masu shirya fina-finai sun gano cewa jami'in tacewa na iya goge jimla daga rubutu, amma yana da wuya ya kama abin da hoto ko kiɗa ke faɗa.

Misalin da aka fi ambata shi ne fim ɗin Andrzej Wajda na 1958, Popiół i diament, wato "Toka da Lu'ulu'u". Labarin ya faru ne a ranar 8 ga watan Mayun 1945, ranar da yaƙi ya ƙare a Turai. An umarci wani matashi ɗan gwagwarmayar ƙarƙashin ƙasa, Maciek, ya kashe wani jami'in jam'iyyar gurguzu, yayin da manyan garin ke shagali a wani otal.

Da gari ya waye, baƙin da suka kwana suna shaye-shaye suka jeru domin yin polonez, makaɗan da suka gaji suna kaɗa shi a karkace. Suna cikin wannan tafiya kamar masu magagin barci, shi kuwa Maciek, wanda aka harba, yana can yana mutuwa a kan juji.

Babu wanda ya furta wata kalmar suka ga sabon tsarin. Amma duk ɗan Poland da ya kalli yadda aka wulaƙanta rawar kakanninsa ya fahimci saƙon: ƙasar ta shiga sabon zamani a buge, babu wanda ya san inda jerin ya nufa.

Ƙasar masu tsara kiɗan fim

Abin da ya sa kiɗa ke iya ɗaukar irin wannan nauyi a fina-finan Poland shi ne irin mutanen da ke rubuta shi. Tun kafin yaƙin ƙasar na da gwanaye a wannan fanni. Bronisław Kaper, haifaffen Warsaw, ya yi aiki a Berlin da Paris kafin ya isa Hollywood, inda ya ci kyautar Oscar saboda kiɗan fim ɗin Lili na 1953.

A zamanin gurguzu kuwa, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin shirya fina-finai. An kafa makarantar koyon aikin fim a birnin Łódź a 1948, kuma daga tsakiyar shekarun 1950 daraktocin da ta yaye suka fara neman matasan makaɗa masu sabon salo.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Krzysztof Komeda, likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ainihin sunansa Trzciński. Ya ɗauki sunan Komeda ne a lokacin da hukumomi ke yi wa kiɗan jazz kallon kayan Amurka. Shi ya yi wa Roman Polański kiɗan fim ɗinsa na 1962, "Wuƙa a Cikin Ruwa", sannan ya bi shi Amurka ya tsara waƙar rarrashin jariri mai tayar da tsigar jiki ta fim ɗin Rosemary's Baby a 1968. Ya ji rauni a kai a Los Angeles a ƙarshen wannan shekarar, ya mutu a Warsaw a watan Afrilun 1969 yana da shekara 37.

Krzysztof Penderecki ya fi shahara da kiɗan manyan zaurukan sauraro, amma daraktocin Amurka sun ari ayyukansa domin fina-finan ban tsoro irin su The Exorcist na 1973 da The Shining na 1980. Jan Kaczmarek, wanda ya karanta aikin lauya, ya ci Oscar a 2005 da kiɗan Finding Neverland.

Akwai kuma Zbigniew Preisner, wanda bai yi karatun kiɗa a makaranta ba, ya koya wa kansa. Shi ne abokin aikin darakta Krzysztof Kieślowski a jerin Dekalog da fina-finan "Launuka Uku" na 1993 da 1994. Su biyun sun ƙirƙiri wani mai tsara kiɗa ɗan Holan na ƙarni na 18 mai suna Van den Budenmayer, suka riƙa jingina masa kiɗan da Preisner ya rubuta, har wasu masu kallo suka ɗauka mutumin ya taɓa rayuwa. Abin da Preisner ya yi da gangan cikin raha, wato sabon kiɗa ya wuce a matsayin tsoho, shi ne daga baya ya faru da polonez ɗin Kilar ba tare da wani ya shirya hakan ba.

Wane ne Wojciech Kilar?

An haifi Kilar a ranar 17 ga watan Yulin 1932 a birnin Lwów, wanda a lokacin yake cikin Poland. Bayan yaƙin aka mayar da birnin cikin Tarayyar Sobiyet, kuma a yau shi ne Lviv na ƙasar Yukren. Yaƙi ya raba shi da garin tun yana yaro, daga bisani ya zauna a Katowice, birnin ma'adinan kwal da ke kudancin ƙasar, inda ya yi sauran rayuwarsa. Ya ƙaro ilimi a Paris a wajen shahararriyar malamar kiɗa Nadia Boulanger.

A shekarun 1960 yana cikin matasan da ke gwada sababbin sautuka masu wuyar sauraro. A 1974 ya ba abokan sana'arsa mamaki da wani aiki mai suna Krzesany, wanda ya gina a kan kiɗan mutanen tsaunukan Tatra. Daga nan salonsa ya tsaya a kan abu ɗaya: ya ɗauki gajeren amo mai sauƙin riƙewa, ya yi ta maimaita shi yana ƙara masa kayan kiɗa da ƙarfi, har ya cika kunnen mai sauraro.

Ya yi wa fina-finai fiye da 100 kiɗa. A gida ya yi aiki da Krzysztof Zanussi da Kazimierz Kutz da Wajda. A waje, Francis Ford Coppola ya nemo shi domin fim ɗin Dracula na 1992, Jane Campion kuma domin The Portrait of a Lady na 1996. Kiɗan The Pianist na Polański, wanda ya fito a 2002, ya samo masa kyautar César ta Faransa. Wannan fim, labarin makaɗin piyano Bayahude Władysław Szpilman da ya tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi a Warsaw, shi ma da polonez na Chopin aka rufe shi.

Duk da haka Kilar ya sha nuna cewa ayyukansa na zauren sauraro ne ya fi ɗauka da muhimmanci, na fim suna biye.

Fim ɗin da ya dawo da rawar

A ƙarshen shekarun 1990 Wajda ya ɗauki aikin da mutane da yawa ke ganin ba zai yiwu ba: mayar da Pan Tadeusz zuwa fim. Wannan doguwar waƙa ce mai babi 12 da Adam Mickiewicz ya wallafa a Paris a 1834, yana gudun hijira, kuma ana karanta ta a makarantun Poland a matsayin babbar waƙar ƙasa.

Labarin na rikicin wasu gidaje biyu ne na masu sarauta a karkarar Lithuania a 1811 da 1812, a ƙarƙashin mulkin Rasha. A ƙarshe an sasanta, an yi baiko, matashi Tadeusz ya 'yanta manoman da ke bauta a gonakinsa, sojojin Poland da ke cikin rundunar Napoleon sun iso a kan hanyarsu ta zuwa Moscow, kowa na fatan 'yanci ya kusa. Sai aka tashi polonez.

Mickiewicz da masu karatunsa sun san abin da mutanen cikin labarin ba su sani ba: rundunar Napoleon ta halaka a cikin sanyin Rasha a wannan shekarar, fatan ya tafi tare da ita. Saboda haka rawar murna ce da baƙin ciki ke laɓe a bayanta, kuma wannan ne Kilar ya kamata ya zuba a cikin kiɗa na 'yan mintuna.

Mutanen uku duk sun san rashi. Mickiewicz bai sake ganin garinsu ba, ya mutu a Istanbul a 1855. Kilar ya rasa Lwów. Mahaifin Wajda, hafsan soja, na cikin dubban hafsoshin Poland da jami'an tsaron Sobiyet suka kashe a 1940.

Amma fim ɗin ya fito ne a watan Oktoban 1999, shekara goma bayan faɗuwar mulkin gurguzu, kuma watanni kaɗan bayan shigar Poland ƙungiyar tsaro ta NATO. Daraktan da ya nuna polonez a matsayin tafiyar bugaggu shekara 41 da suka wuce, a wannan karon ya nuna shi a fili, cikin hasken rana, da cikakkiyar ƙasaitarsa. Fiye da mutum miliyan shida ne suka kalli fim ɗin a gidajen sinima na ƙasar, ciki har da ɗalibai masu yawa da makarantunsu suka kai su aji-aji. A watan Maris na 2000 aka ba Wajda Oscar ta girmamawa.

Daga sinima zuwa zauren makaranta

Kafin wannan lokaci, polonez ɗin Ogiński na cikin waɗanda aka fi buɗe studniówka da su, kuma har yanzu wasu makarantu na amfani da shi. Amma cikin 'yan shekaru na Kilar ya sha gabansa.

Dalilan a bayyane suke. Na Ogiński kiɗan rabuwa da ƙasa ne, mai sanyaya jiki. Na Chopin an rubuta su ne domin yatsun gwanin piyano, ba su dace da ƙafafun ɗalibai ɗari ba. Na Kilar kuwa tun farko domin rawa aka tsara shi: bugunsa a daidaice yake daga farko zuwa ƙarshe, amonsa na saurin zama a ka, kuma yana ƙara girma kamar yadda jerin ke ƙara faɗi. Sannan ɗaliban sun riga sun gan shi a fim, haɗe da littafin da ake koya musu a aji.

Rawar ta kuma fita daga zaure zuwa titi. A birnin Wrocław ɗaliban ajin ƙarshe kan taru a dandalin tsakiyar gari su yi ta a kusa da mutum-mutumin marubuci Aleksander Fredro. A Łódź ana yin ta a kan babban titin Piotrkowska. 'Yan Poland mazauna ƙasashen waje ma sun tafi da ita: makarantunsu na ranar Asabar a Chicago na yin tasu studniówka, ga yaran da wasunsu ba su taɓa zama a Poland ba.

A watan Disamban 2023, a taron da ya yi a garin Kasane na ƙasar Botswana, kwamitin hukumar UNESCO ya sanya polonez cikin jerin al'adun gado na bil'adama. A wannan zaman ne aka sanya bikin Sango na Oyo da ke Najeriya da kuma jerin gwanon Maulidi na Sudan, shekara guda bayan haka kuma aka ƙara da hawan Sallah na Kano. Cikin abubuwan da hukumar ta yaba da su har da cewa kowa na iya shiga rawar, yaro da babba, gwani da ɗan koyo. Rawar da a da take jera mutane bisa darajar gidajensu ta koma wadda ɗan minista da ɗan mahaƙin kwal ke tsayawa a layi ɗaya.

Abin da ya rage a gani shi ne ko za ta wuce dare ɗaya a rayuwar mutum. Mafi yawan 'yan Poland a studniówka kawai suke yin ta, sai ko a wasu bukukuwan aure da na sabuwar shekara. Ita kanta liyafar na shan suka saboda tsadar otal da tufafi da masu ɗaukar hoto, abin da kan sa wasu ɗalibai su ƙaurace mata. Shiga jerin UNESCO na ɗora wa ƙasa alhakin kare al'ada, amma ba ya tilasta wa matashi ya so ta.

Kilar ya mutu a Katowice a ranar 29 ga watan Disamban 2013, Wajda kuma a watan Oktoban 2016. Duk ɗaliban da ke rawar a yanzu an haife su ne bayan fitowar fim ɗin. A makarantu da dama tun kafin hutun Kirsimeti ake fara atisaye a ɗakin motsa jiki, galibi a hannun malamin wasanni, wanda zai kunna kiɗan Kilar ya tsaya a gefe yana ƙirga musu ɗaya, biyu, uku, har sai layin ya miƙe.